Yayyafin Gali a Layin Jibirilla

A bayan tashoshin bas na Batha, a birnin Riyad, akwai wani ɗan layi da mutanenmu suke kira Layin Jibirilla, saboda wani tsoho mutumin Kazaure da ya yi shekaru yana riƙe da gahawa, wato shagon shan shayi, a tsakiyarsa. A zamaninsa, direba in ya ajiye motar maigida, birkila in ya wanke simintin jikinsa, ɗalibi in ya rufe littafi, duk can ake haɗuwa. A sha shayi, a ci masa, a yi gardamar ƙwallo da ta siyasar gida, wanda ya zo sabo a nema masa wurin kwana. Mai zuwa shan shayi kuwa ba ya wucewa haka nan. Zai leƙa wajen tela, ya ajiye wanki, ya yi aski.

Da Jibirilla ya rasu aka ja ƙofar ƙarfen gahawar aka sa kwaɗo. Ba wanda ya ce a watse, amma aka watse. Mai aski ya koma unguwar Suwaidi, mai kantin kayan masarufi ya bi shi, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Shago biyu suka rage: na Malam Badamasi tela, da na Tamimu mai wanki da guga, mutumin Damagaram marar son magana, wanda bangonsa yake haɗe da na gahawar. Sai Gogo Delou, wadda take soya masa a gida ta zubo a kula, ta zauna bakin shagon Badamasi, yawanci ta koma da rabi.

Badamasi ya tsufa a kan keken ɗinkinsa. Daga inda yake zama, in ya ɗaga kai ƙofar gahawar yake fara gani, shi ya sa ya rage ɗaga kai.

Wata safiya mai shagunan ya zo. Sunansa Abu Amir, dattijon Balarabe ne da ya gaji layin daga mahaifinsa, kuma shi ne kafilin Badamasi, wanda ya tsaya masa a kan takardar zama. Ya zauna ya daɗe yana gaisuwa, abin da ya sa Badamasi ya san ba lafiya ba. Daga baya ya ce wani mai sayar da tayoyi daga unguwar Sulay yana son shagunan gaba ɗaya ya mayar da su ma'ajiya. Ya ce shi ba ya so, amma layin da ba kowa ba shi da abin da zai ce wa 'ya'yansa a kansa.

Badamasi ya dubi keken ɗinkinsa. Takardar zamansa a ƙasar tana rataye ne da wannan shago. In shago ya tafi, shi ma ya tafi, ya koma garin da yawancin waɗanda suka san shi suna maƙabarta.

A bayan labulen gwaji kuwa akwai mutum, ya zo a buɗa masa ƙugun wando. Gali Maikuɗi ke nan, direban wata hajiya a Suwaidi, mutum mai tumbi da baƙin tabarau wanda ba ya cirewa sai zai yi alwala. Duk inda ya zauna sai ya faɗi cewa ya taɓa zama mudir, wato manaja, a wani babban otal. Kowa ya san ƙofar mota yake buɗe wa baƙi, kuma bai cika shekara ba, amma an gaji da tuna masa.

Ya fito yana riƙe da wando da hannu ɗaya, ya tari Abu Amir da Larabcinsa na titi. Ya ce layi bai mutu ba, barci yake yi, kuma shi ya san inda ake taɓawa ya farka. A ba shi makullin gahawa kawai. Cikin wata guda sai an nemi wurin sa ƙafa an rasa. Mai aski zai dawo yana roƙo, mai kanti zai dawo yana kuka.

Abu Amir ya dube shi daga tabarau har zuwa hannun da ke riƙe da wando, sannan ya dubi Badamasi. Wataƙila tausayin tsohon ne ya kama shi. Ya ciro makulli ya ajiye a kan keke, ya ce zai zo ranar Alhamis ta ƙarshen wata bayan la'asar. In ya ga rai a layin, mai taya ya nemi wani wuri.

Da ya tafi Badamasi ya ce, "Gali, ka taɓa dafa shayi kuwa?"

"Baba, mudir ba ya dafa shayi. Tunani yake dafawa."

"To Allah ya sa ya nuna."

Kwaɗo ya buɗe ba gardama, amma ƙofar ta ƙi ɗagawa, tsatsa ta cinye ta. Tamimu ya leƙo da dutsen guga a hannu ya ce a zuba mata baƙin mai a bar ta ta kwana. Gali ya ce irin wannan jiran ne ya kashe layin tun farko. Ya ɗauko igiya, ya ɗaura a hannun ƙofa, ya ɗaura ɗaya bakin a bayan motar hajiyarsa, ya ce kowa ya matsa ya ga aikin ilimi.

Ƙofar ta buɗe, sai dai ba sama ta yi ba. Ta fito gaba ɗayanta har da ƙarafan gefe, ta bi motar tana jan ƙasa da ƙara kamar ana rushe gari. Kafin Gali ya taka birki, ƙarfen bayan motar ya rabu da ita ya zauna tare da ƙofa. Daga cikin gahawar kyanwoyi suka yi ta fitowa, manya da ƙanana, tattabaru suka bi ta samansu. Ma'aikatan da ke haya a benen sama, Yamalawa da Sudanawa da 'yan Bangaladash, suka sauko suna tambayar wa ya mutu.

Gali ya fito daga mota ya gyara tabarau, ya dubi taron.

"Baba, yaushe rabon da ka ga mutane haka a layin nan?"

Gogo Delou ta ce, "Ɗan nan, ƙofar fa?"

Gali ya ce gahawar zamani ba ta da ƙofa, ta je arewacin gari ta gani. A daren farko dai Tamimu ne ya tokare wurin da katako, washegari Badamasi ya harhaɗa ƙyallayen da suka rage masa ya ɗinka labule.

Badamasi ne ya fara shiga gahawar bayan ƙura ta lafa. Komai yana nan inda aka bar shi. Kujerar Jibirilla mai hannu ɗaya tana jingine da bango, ga ƙusar da yake rataye hularsa, ga babbar butar shayinsa ta yi baƙi a kan kanta. Gali ya shigo ya ce duk wannan tarkace a zubar, tarihi ne. Badamasi bai yi musu ba. Ya jira har Gali ya juya baya, ya ɗauki butar ya kai shagonsa, ya tura ta ƙarƙashin tebur.

Sai maganar fenti. Gali ya samo ragowar farin fenti wajen wani abokinsa a Sulay, irin wanda ake zana titi da shi. Ya ce a otal ba a ajiye tebur da ka, sai an auna. Ya wuni a durƙushe a gaban gahawa yana zana gida-gida a ƙasa, kowane tebur da nasa, layuka a miƙe tsaf. Shi ne aiki ɗaya da ya yi da kyau, kuma kyansa ne ya jawo masa.

Da gari ya waye, kowane gida akwai mota a ciki. Wanda ya san Batha ya san mutum zai iya zagaye har ya manta abin da ya kawo shi bai sami wurin ajiye mota ba. Masu zuwa aika kuɗi gida suka ga farin layi sabo, suka gode wa Allah. Gali ya iso ya tarar, ya dinga bin su ɗaya-ɗaya yana cewa nan wurin tebur ne. Wani Bamisire ya ce masa ya nuna teburin. Wani ya ce shi layi ya gani, kuma layi layi ne. Aka yi ta cacar baki har azahar, masu jiran a buɗe musu hanya suka gaji da tsayuwa, ƙamshin masa ya kai musu. Ranar nan Gogo ta koma gida da kula ba komai, karo na farko tun rasuwar Jibirilla.

"Gogo, ba ki gode mini ba," in ji Gali.

"Na gode wa Bamisiren da ya ƙi matsawa."

Fentin ya ƙi fita ko da an goge da yashi. Dole aka samo tsofaffin dardumai aka rufe layukan, aka ɗora benci a kai don kada motoci su dawo.

Bayan wannan ya tafi kasuwar gwanjo ya dawo da wani inji a bayan a-kori-kura, mai famfuna da agogai, wai na dafa gahawar Turawa mai kumfa. Ya ce zamanin buta ya wuce. Gogo ta zagaya injin ta ce ita dai da injin markaɗe ya yi mata kama. Gali ya ce daga Italiya yake. Ta ce to a can ma ai suna markaɗe.

Da tsakar rana ya jona shi, a watan da ko inuwa zafi take yi. Injin ya yi gurnani, ya yi tari, sannan wutar ginin gaba ɗaya ta ɗauke. Duk na'urorin sanyaya ɗaki da ke maƙale a tagogin bene suka yi shiru lokaci guda. Ba a jima ba masu aikin dare da ke barci suka fara saukowa da singileti da zani, idanu jajur. Wani dogon Basudane ya sauko da kumfar sabulu a ka. Tamimu ya fito ya tsaya bakin shagonsa da dutsen guga mai sanyi da tarin kayan mutane a bayansa, ya dubi Gali, ya koma. Daga ranar ya daina amsa masa sallama sai da ka.

Gali ya hau benci ya yi wa taron maraba, ya ce su riƙe ranar buɗewa. Basudanen ya ce zai riƙe ranar, ya riƙe shi ma. Injin bai taɓa fitar da ko kofi ɗaya ba. Daga baya an same shi da amfani wajen ɗora faranti.

Badamasi ya fara haɗa kayansa a zuci. Yana ɗinki yana duban abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Almakashi zai shiga jaka. Keke ba zai shiga ba.

Ana saura 'yan kwanaki wa'adin Abu Amir ya cika, Gali ya shigo shagon da sauri, har ya manta bai yi sallama ba. Ya ce ya kai hajiya wata gahawa a arewacin gari, ya ga abin da ya buɗe masa ido. Mutane zaune a waje cikin wannan zafi, siraran bututu a samansu suna fesa musu ruwa kamar hayaƙi.

"Baba, yayyafinmu ne suka sata. Ka tuna mai shayi a gida? In yamma ta yi sai ya yayyafa ruwa gaban teburinsa, ƙamshin ƙasa ya tashi, mutane su taho da kansu. Su dai sun ɗaga shi sama ne kawai. To ni hadari zan haɗa a layin nan."

Badamasi ya tuna masa cewa famfon gahawar ya bushe tun da daɗewa. Gali ya ce wannan matsalar mudir ce. Ya sayo siririn tiyo, ya huhhuda shi da allurar Badamasi ta ɗinkin buhu, ya zagaya da shi saman rumfar da suka kafa a gaban gahawa, ya haɗa da wani ɗan injin jan ruwa. Ranar Talata ya kira Badamasi shi kaɗai ya tsayar da shi a tsakiya, ya danna maɓalli.

Abin ya yi aiki. Ruwa ya sauko laushi kamar raɓa, ya taɓa fuskar tsohon, ƙasar gefen darduma ta jiƙe ta ba da ƙamshi. Badamasi ya rufe ido. Rabonsa da wannan ƙamshi tun yana saurayi a ƙofar gidansu, farkon damina. Ya ji wani abu ya motsa masa a ƙirji wanda ya ɗauka ya daɗe da mutuwa. Ya tambayi inda ruwan yake fitowa.

"Sirrin kamfani," in ji Gali.

Sirrin kuwa shi ne, ya zura bakin tiyon ta kan katangar baya, ya sake shi cikin wani duro da ke tsakar gidan Tamimu. Bai nemi izini ba, don ya san amsar da zai samu. Ranar Talata ruwa ne zalla a duron. Amma Tamimu yana da al'adarsa da bai taɓa saɓawa ba. Duk Alhamis bayan azahar a wannan duro yake jiƙa bula, shuɗin wanki, ya dama ta da kauri har sai ta yi kamar tawada, daga nan yake ɗiba da moɗa yana zubawa a ruwan ɗauraya, don jallabiyoyin Juma'a su fito fari tas. Badamasi ya san wannan tun shekaru aru-aru. Abin da bai sani ba shi ne inda tiyon ya ƙare.

Alhamis ta zo. Gali ya aika saƙo ta waya ga duk wanda ya sani da wanda bai sani ba, ya ce kowa ya sa fari, taron manya ne. Mutane kuwa suka zo, wasu don tuna Jibirilla, wasu don labarin ƙofa da na inji ya kai musu, suna son su ga abin da ya rage. Direbobi, birkiloli, ɗaliban jami'a da 'yan gemunansu, benci ya cika da fararen kaya. Masu hayar bene suka leƙo ta taga.

Abu Amir ya iso bayan la'asar cikin jallabiya fara ƙal da farin mayafin kai mai karin guga. Ya shaida wa Badamasi ba zai daɗe ba, daga nan ɗaurin auren jikarsa zai wuce. Gali ya zaunar da shi a kujerar Jibirilla, a gaba, daidai inda ya fi yawaita huda a tiyo.

Sannan ya hau kan akwati, cikin sabuwar farar shadda da baƙin tabarau, ya fara jawabi. Ya fara da Larabci, in ya ƙare masa ya shiga Turanci, in ya ƙare ya dawo Hausa. Ya ce shi ya ga duniya. Ya ce layin nan zai zama abin kwatance, har daga Jidda za a riƙa zuwa kallo. Ya ce yau zai saukar da damina a Riyad, kuma don girmamawa Baba Badamasi ne zai danna maɓalli.

Badamasi ya yi bisimilla ya danna.

Ruwan Talata da ya rage a tiyo shi ya fara fita, fari, mai sanyi. Wurin ya ɗauki "masha Allah". Abu Amir ya ɗaga fuska yana murmushi. Badamasi ya ji idonsa ya kawo ruwa.

Da yake tela ne, shi ya fara lura. Kafaɗar Abu Amir ta sauya, ta yi kalar sama da sassafe. Ya goge idonsa ya sake dubawa. Kalar ta ƙara zama. Ya dubi benci, ya ga kowane mutum yana satar kallon na kusa da shi. Kowa ya ɗauka maƙwabcinsa ne kaɗai abin ya sama, kuma kunya ta hana a faɗa, ga babban baƙo a zaune, ga jawabi ana yi. Wani ɗalibi ya matsa kaɗan daga abokinsa don kada ya shafa masa. Gemun limamin masallacin layi, da yake fari, ya fi komai karɓa.

Gali bai ga komai ba. Ta cikin baƙin tabarau duk duniya kala ɗaya ce. Ya ga mutane sun yi tsit suna dubansa, ya ɗauka jawabi ne ya ratsa su, ya ƙara murya.

Gogo Delou, da take can gefe wajen kularta inda ruwan bai kai ba, ta ce, "Ɗan nan, cire tabaran nan ka ga daminarka."

Ya ɗaga mata hannu alamar ta bari ya kai aya.

Sai ga Tamimu ya fito daga shagonsa da moɗa a hannu. Ya tsaya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya dubi tiyo, ya bi shi da ido har kan katanga. A hankali ya ce, "Dama ina ta neman inda bulata take tafiya."

Gali ya ji an fara gunaguni, ya ɗauka sanyin ne bai isa ba. Ya sunkuya ya murɗa injin har ƙarshe. Tiyon ya kumbura, ya yi rawa, ya fashe a mahaɗar da ke saman kansa. Abin da ya rage a duron Tamimu ya sauko masa gaba ɗaya, daga hula har takalmi.

Aka kashe inji. Gali ya cire tabarau. In ban da zagaye biyu a idanunsa, ba inda bai yi shuɗi ba. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Daga tagar bene Basudanen nan ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti sai an jima, sauran tagogi suka ɗauka.

Badamasi bai yi dariya ba. Yana kallon Abu Amir, wanda ya miƙa hannayensa biyu yana duban hannun riga, ya shafa gemu ya duba tafinsa. Tsohon tela ya ga filin jirgi ƙiri-ƙiri, ya ga kansa da jaka ɗaya da almakashi a ciki.

"Ya Badamasi," in ji Abu Amir, "ni ne waliyyin amarya."

Tamimu ne ya yi magana. Ya ce bula tana fita in an wanke kafin ta bushe, amma yanzu-yanzu, kowa ya tuɓe. Aka dubi juna. Ba mai iya shiga bas a haka, ba kuma mai iya zama a titi da singileti gaban liman.

Badamasi ya shiga shagonsa ya jawo wani babban akwati da bai taɓa buɗewa gaban kowa ba. Ɗinkunan da aka ba shi ne ba a dawo an karɓa ba. Na wanda aka mayar gida ba shiri, na wanda ya sauya gari, na wanda ya kwanta asibiti bai tashi ba. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Duk shekara yakan fitar da su ya kakkaɓe, ya sake ninkewa. Ya dinga ɗagowa yana duban kafaɗar mutum yana miƙa masa, kaftani, jamfa, 'yar shara, kuma bai yi kuskuren awo ko sau ɗaya ba. Mutane suka riƙa shiga bayan labulen gahawa da shuɗi suna fitowa da kayan wasu.

A ƙasan akwatin akwai babbar riga ruwan ƙasa mai aiki a wuya. Jibirilla ne ya ba da ɗinkinta don wata Sallah da bai gani ba. Badamasi ya ɗan tsaya da ita a hannu, sannan ya kai wa Abu Amir. Dattijon ya shiga bayan labule ya daɗe, ana jin yana fama da inda hannu yake. Da ya fito, liman ya tashi ya gyara masa ita a kafaɗa yadda ake yi. Wurin ya yi tafi.

Injin wankin Tamimu ya fara juyawa, kuma kaya da yawa, dole a jira. Gogo ta ce ba a tara mutane haka a bar su baki bushe. Badamasi ya sunkuya ƙarƙashin teburinsa ya fito da butar Jibirilla. Aka wanke ta, Tamimu ya ba da risho da ruwa mai tsabta, wani Bayamale ya sauko da ganyen shayi da citta, Basudanen ya kawo sukari yana share hawayen dariya. Kular masa ta zagaya.

Wanda ya sa rigar wani sai ya tambayi ta wace ce, Badamasi ya faɗa, sai a sami wanda ya san mai ita, labari ya tashi. Wani direba ya gane kaftanin da ke jikinsa na ɗan garinsu ne, ya kira shi ta waya a Gusau ya nuna masa, aka yi ta ihu daga can. Gardamar ƙwallo ta ɓarke a benci na baya. Aka yi magariba aka dawo, ba wanda ya tambayi kayansa. Abu Amir yana kujerar mai hannu ɗaya da kofi a hannu, yana ba ɗalibai labarin yadda mahaifinsa yake kawo shi nan yana yaro, Jibirilla ya ba shi masa da zuma ya ce kada ya faɗa a gida.

Gali ne kawai ba a sami abin da ya shige shi ba a akwatin, saboda tumbi. Aka kwance labulen ƙyallaye aka ba shi ya yafa, ya zauna kusa da injinsa na Italiya.

Tamimu ya kawo jallabiyar Abu Amir a goge, ta fi yadda ta zo haske. Dattijon ya sauya, ya ninke babbar rigar da kansa, ba daidai ba, ya miƙa wa Badamasi. Badamasi ya raka shi har mota. Sai da Abu Amir ya buɗe ƙofa Badamasi ya iya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko me za a ce wa mai taya.

Abu Amir ya waiwaya ya dubi rumfar, hayaniya tana tashi.

"In na cika wurin da taya, ina zan zauna ranar Alhamis? Ka ajiye mini rigar nan. Wancan kuma," ya nuna Gali da haɓa, "kada a bar shi kusa da ruwa. Ko wuta. Ko mota."

Da Badamasi ya dawo, Gali ya taso yana jan labule a ƙasa, ya riga ya mayar da tabarau.

"Baba, ka ga abin da ake kira tsari? Ka ɗauka kuskure ne, ko? In ba ka riƙe kwastoma ba, ba ya zama. A otal haka muke yi. Yanzu abin da ya rage, akwai wata dabara da na gani ta hayaƙin turare mai fita ta ƙarƙashin benci."

Badamasi ya ɗauki farantin da kofuna suka taru a kai ya ɗora masa a hannu.

"Mudir, a wanke. Tamimu zai zuba maka ruwan da kansa."

Sannan ya shiga cikin gahawar, ya warware babbar rigar ya sake ninke ta yadda ya kamata. Ya ɗan yi tunani, ya fasa mayar da ita akwati. Ya rataye ta a ƙusar da Jibirilla yake rataye hularsa, inda in ya ɗaga kai daga kan keke zai riƙa ganinta.